Yadda na ƙera kan jirgin Darjilin a Tudun Wada

Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya a garin nan ya san wannan jirgin, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan ƙaramin jirgin ƙasan da ke hawan dutse a fim ɗin Aradhana na 1969, wanda Rajesh Khanna yake biye da shi a cikin jif yana rera waƙa, Sharmila Tagore kuma tana bakin taga tana satar kallonsa. Jama'a jarumi da jaruma suke kallo. Ni kuwa injin da ke jan taragun nake jira ya gifta, ga shi ba ya daɗewa a allo, kafin ka ƙare masa kallo kyamara ta koma kan jif. Shi na zauna na ƙera ɗan ƙaraminsa, mai tafiya da ƙafafunsa a kan dogo, a shagon zaurenmu da ke Tudun Wadan Kaduna.

Sana'ata gyaran firinta da injin fotokofi, shi ya sa ƙananan giya da sandunan ƙarfe da 'yan injinan lantarki ba su yi mini wuya ba. Matattun firintoci suna nan jibge a bayan shago, masu su sun manta da su. Abin da ba ni da shi shi ne zane, kuma a nan aikin yake, domin fim kamanni yake ba ka, ba ya ba ka awo.

Jirgin na gaske ne, har yau kuma yana aiki. Layin Darjilin ne, a arewacin jihar Bengal ta Yamma da ke Indiya, an buɗe shi a 1881. Tsawonsa kilomita 88 daga New Jalpaiguri zuwa Darjilin, yana tasowa daga fili ya yi ta hawa har tashar Gum, wadda ke kan tudun mita 2,258. A 1999 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya. Faɗin dogonsa ƙafa biyu ne kacal ta awo, wato milimita 610. In kana son ka gane ƙanƙantarsa, tsohon layinmu da ya ratsa Kaduna ya wuce Zariya da Kano milimita 1,067 ne, sabon na Rigasa zuwa Abuja da aka buɗe a 2016 kuma 1,435. Injinansa masu cin kwal ana ce musu rukunin B. Guda 34 aka ƙera daga 1889 zuwa shekarun 1920, mafi yawansu a Gilasgo, aikin kamfanin Sharp Stewart da magajinsa North British, 'yan kaɗan na Baldwin na Amurka, wasu kuma a ma'aikatar layin da ke Tindharia aka harhaɗa su.

Masu irin wannan sha'awa a ƙasashen waje yawancinsu saye suke yi. Jan injin nan na fina-finan Harry Potter, wanda asalinsa injin Ingila ne mai lamba 5972 da aka ƙera a Swindon a 1937, kamfanin Hornby ya yi ƙaraminsa a kwali, ka buɗe ka ɗora a dogo kawai. Da na lissafa kuɗinsa da dala na haɗa da na kawowa sai na haƙura. Ƙera shi da hannu kuma babban aiki ne, shi da Sierra mai lamba 3, tsohon injin 1891 da ya fito a fina-finan kaboyi ba adadi. Kowannensu ƙafa goma gare shi, shida manya masu ja, duk a fili, duk masu sifok. Na ɗan yi kwaɗayin na layin Nilgiri, wanda aka yi rawa a kan taragunsa a fim ɗin Dil Se na 1998, amma wancan silinda huɗu gare shi da wata giya mai haƙora a ƙarƙashi da yake kama tsakiyar dogo in zai hau dutse. Na Darjilin ƙafa huɗu ne kawai, kuma firam ya rufe su daga waje, abin da ido ke gani hannaye ne, wato ƙarafan da ke haɗa ƙafafun, suna kaiwa da komowa. Wanda ba shi da injin feraye ƙarfe na kansa, wannan gata ne.

Sai batun girma. Awon da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne kashi ɗaya cikin 87, amma in na bi shi faɗin dogona zai zama milimita 7, ƙafar jirgin kuma ba za ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Babu wanda zai feraye mini wannan a Kaduna. Na ɗauki awon da masu ƙera jiragen siririn dogo a Ingila suke bi, milimita 16 a madadin kowace ƙafa ɗaya ta awo, wato kashi ɗaya cikin 19. Raba 610 gida 19, ka sami 32. Dogo milimita 32, injin gaba ɗaya kusan santimita 30, mutum a tsaye santimita 9. Yatsa yana iya kama kowane ɓangare, ido kuma yana ganinsa ba tabarau.

Na samo fim ɗin a waya na riƙa tsayar da shi duk inda injin ya bayyana, ina ɗaukar hoton allo ina bugawa a takarda, wannan kam ba na biyan kowa. Hotunan suka taru, amma yawancinsu ba sa aunuwa. Mai ɗaukar fim kyau yake nema, sai ya tsaya a kwana jirgi ya taho masa a karkace, gaba ya yi girma baya ya tsuke. In ka ɗora rula a kan irin wannan hoton ƙarya za ta faɗa maka. Hoto iri biyu ne kaɗai ke da amfani, wanda aka ɗauka daga gaba sak, da wanda aka ɗauka daga gefe sak. A na gaba, tsakanin dogo da dogo sananne ne, 610. Ka auna shi a takarda daidai ƙarƙashin goshin injin, ka ga milimita nawa ya ba ka, shi ke nan ka sami abin da za ka riƙa ninkawa da shi, ka fitar da faɗin goshi da tsawon bututun hayaƙi da inda fitila take. Sharaɗin shi ne abin da kake aunawa ya kasance nisansa da kyamara ɗaya da inda ka auna dogon. Rumfar direba tana can baya, in ka aune ta da wannan lissafin za ta fito ƙarama. A na gefe kuma abin dogaro biyu ne, faɗin ƙafa milimita 660, da tazarar tsakiyar ƙafar gaba da ta baya, 1,676. A nawa awon suka zama 35 da 88.

Fim ɗin bai ba ni hoton gefe mai kyau ba, dole na haɗa da hotuna da bidiyon masu yawon buɗe ido, domin har yanzu injinan kwal suna jan baƙi tsakanin Darjilin da Gum, ko da yake doguwar tafiyar dizal ke yin ta. A nan na ga wani abu: babu guda biyu da suka zama ɗaya. An shekara fiye da ɗari ana yi musu gyara da faci, wannan akwatin kwal ɗinsa an ƙara masa tsawo, wancan fitilarsa daban, wani bututunsa ya bi ta hagu wani ta dama. Sai na yanke wa kaina hukunci, duk abin da fim ya nuna shi zan bi, abin da ya ɓoye kuma in ɗauko daga hoton injin guda ɗaya, kada in tsinto nan in tsinto can in ƙare da abin da bai taɓa wanzuwa ba. Tagar da jarumar take zaune ma ban aune ta ba, domin nata ɓangaren a situdiyo aka ɗauka aka haɗa daga baya, ba ta cikin jirgin a lokacin.

Na zana komai a takarda mai layi-layi daidai girman da zai fito, na yanka kwali na haɗa na ajiye a kan tebur ina dubansa daga nesa. Kwali ba ya cin kuɗi, kuma shi ne ke nuna maka in rumfa ta yi tsawo ko tanki ya yi gaba da yawa tun kafin ka taɓa ƙarfe.

Ƙafafu ne kaɗai na kai waje. A Tsohuwar Panteka, nan kusa da Poli, na sami wani mai injin feraye ƙarfe na miƙa masa zane. Ya juya takardar sama da ƙasa.

"Malam, wannan kuma na mene ne?"

"Ƙafar jirgin ƙasa ce, Oga."

Ya dube ni, ya sake duban milimita 35 ɗin, ya ce, "Jirgin aljanu?"

Yaransa suka yi ta dariya, amma da na yi masa bayani sai ya jawo kujera. Ƙafar jirgi ba faifai ba ce kawai. Tana da leɓe ta ciki mai hana ta sauka daga dogo, na ce ya bar mini milimita 2. Inda take taka dogo kuma ba a miƙe yake ba, ya ɗan fi kauri ta wajen leɓen, ya sirance kaɗan ta waje. Wannan ɗan gangaren ne yake mai da jirgi tsakiya in ya karkata, shi ne kuma yake taimakonsa a kwana, inda ƙafar waje take da tafiya mai nisa fiye da ta ciki alhali sanda ɗaya ta haɗa su. Abin da na fi nanata masa shi ne huɗun su zama ɗaya, domin hannu zai haɗa su, in ɗaya ta fi sauran ko da kaɗan za ta riƙa ja da 'yan uwanta. Ya ce in bar masa. Bai yi su ɗaya bayan ɗaya ba, sanda guda ya kama ya feraye ta gaba ɗaya zuwa kauri ɗaya, ya fitar da leɓe huɗu a jere, ya huda tsakiya, sannan ya yayyanke. Kuɗin da ya caje ni kuwa na babban aiki ne, ya ce ƙaramin abu ya fi cin ido, ban yi musu ba.

Sandunan ƙafa na ciro su daga firinta, irin sandar nan mai sheƙi da kan bugu yake zirga-zirga a kanta. A miƙe take sak, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Na matsa ƙafafun a kai na bar milimita 28 tsakanin bayan leɓe da bayan leɓe.

Firam da hannaye su ne zuciyar aikin, kuma a nan wani dattijo ya shigo. Maƙwabcinmu ne, tsohon ma'aikacin reluwe, ya fara da zuba kwal a jirgi zamanin da ake kawo shi daga Inugu, ya ƙare yana direba. Baba muke ce masa. Ya ga kwalin a kan tebur wata rana bayan la'asar, tun daga nan kujerar bakin ƙofa ta zama tasa. Ranar da na shimfiɗa farantan ƙarfe biyu zan huda ya ce, "Dakata, ɗana. Haɗe su ka huda lokaci ɗaya." Na ɗaure farantan biyu da matsi, na ɗora siraran ƙarafan da za su zama hannaye a kai, na huda ramuka biyun nan masu tazarar 88 gaba ɗaya da siririn bakin dirila, daga baya na buɗa kowane rami zuwa girmansa. Hikimar ita ce, ko da tazarar ta zama 88 da ɗigo ba komai, muddin ta zama ɗaya a firam da hannu. In hannu ya fi tazarar sandunan tsawo da kaurin takarda, ƙafa za ta juya rabi ta cije.

Sai kuranki, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin sanda ta wajen firam, wanda hannu yake kamawa. Baba ya tambaye ni yadda zan jera su, na dama da na hagu. Kafin in ba shi amsa ya ɗaga hannuwansa biyu, ɗaya ya miƙe gaba, ɗaya ya nuna ƙasa. Na dama yana gaban na hagu da rubu'in juyi, ba daidai suke ba, ba kuma kishiyar juna ba. Ya ce a injin gaske, lokacin da fistin ɗin gefe ɗaya ya kai ƙarshen tafiyarsa ba shi da ƙarfin tura komai, to a daidai lokacin na ɗaya gefen yana tsakiya da cikakken ƙarfinsa, shi ya sa duk inda jirgi ya tsaya yana iya tashi. Shi ya sa kuma ake jin fitar tururi sau huɗu a kowane juyin ƙafa. Ya buga shi da tafin hannu a gwiwa, huɗu huɗu, yana ƙara sauri. Nawa ba tururi ke tura shi ba, amma dokar ta hau kansa, domin injin lantarki sanda ɗaya yake juyawa, hannaye ne ke kai ƙarfin ga ta biyu, kuma in hannun dama ya miƙe a layin sandunan ba ya iya ja, na hagu ne ke ɗauke nauyin. Ba lallai rubu'in ya cika cif ba, amma lallai na gaba da na baya su zama iri ɗaya. Na yi wani ɗan katako mai kusoshi biyu, ɗaya a gefe ɗaya a ƙasa, in kwantar da sanda a ciki, in jingina kowane kuranki da kusarsa, sannan in ɗaure sukuru. Gwajin shi ne ka ɗora firam ɗin ba inji a kan gilashi ka ɗan karkata shi. In ya gangara da kansa hannaye suna juyawa, ka wuce wurin. In ya yi tsalle ko ya tsaya a wuri ɗaya kowane juyi, kwance za ka yi.

Tarkacen ƙarafan da ke buɗe wa tururi hanya a gefen silinda, tsarin da wani ɗan Beljiyam mai suna Walschaerts ya ƙirƙira a 1844, ban yi su duka masu aiki ba. Babban hannun da ke zuwa silinda yana motsi, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke lilo a tsakiya shi ma yana yi, sauran a like suke. Baba bai so haka ba. Ni kuwa a ganina ido motsi yake bi, in abu biyu ko uku suna kai da komo a lokacin da ya dace, ba mai ƙirga sauran.

Injin lantarkin ma na firinta ne. Matsalarsa gudu. Jirgin Darjilin ba ya sauri, mai keke ma yana iya jerawa da shi a hawa. In ka ɗauki kilomita 15 a awa ka raba gida 19, santimita 22 ke nan a daƙiƙa. Zagayen ƙafata milimita 110 ne, wato juyi biyu a daƙiƙa ya ishe ni, alhali ɗan injin yana juyi dubbai a minti. Na sa giya mai zare irin na sukuru tana juya mai haƙora, na rage gudun kusan sau arba'in, na ƙara ɗan allon rage wuta mai maɓallin murɗawa da na ɓoye a rumfar direba. Wuta daga batir uku na tsohuwar laftof take zuwa, a ɗaure a cikin tukunya. Ban bi ta dogo da wuta ba kamar yadda jiragen kwali suke yi, domin ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta raba ƙafa da dogo. Tururi na gaske kuwa ban ko fara ba. Tukunyar da za ta riƙe matsi tana son jan ƙarfe da likin azurfa da gwaji, ba abin da ake yi da dalma a shagon da yara ke shigowa ba ne.

Tukunyata bututun roba ne na famfo mai inci biyu. Gabanta, inda hayaƙi ke taruwa, ƙaramin gwangwanin tumatir ne, bututun hayaƙi kuma guntun jan ƙarfe daga wurin masu gyaran firji. Abin da ya ba injin nan kamanninsa shi ne tankin ruwan da ke kife a kan tukunya kamar sirdi a gadon bayan doki, da akwatin kwal da ke bayansa gaban rumfa. Waɗannan da gwangwanin madarar gari na yi su. Na fasa shi na miƙar, na zana layukan kusoshi ta ciki, na ɗora a kan guntun dalma, na riƙa ɗora ƙusa mai dakusasshen baki ina yi mata bugu ɗaya da ƙaramar guduma. Kowane bugu yana fito da ɗan ƙullutu ta waje, kan ribit ke nan. Dalmar da ke ƙasa tana karɓar bugun ba ta bari ƙarfen ya huje. Wuyar ita ce nauyin hannu ya zama ɗaya, in ka yi fushi a bugu ɗaya zai fito ya fi 'yan uwansa kuma duk wanda ya duba a kansa idonsa zai sauka. Sai an gama wannan ake lanƙwasa farantin a kan katakon da aka sassaƙa da siffar tankin.

Wajen liki ƙarfen dalma na lantarki da nake gyaran firinta da shi bai iya ba, faranti yana shanye zafinsa, ga ɗauke wuta. Masu gyaran lagireto suka ba ni shawara, na sayi irin nasu, dunƙulen jan ƙarfe mai mariƙi da ake turawa cikin garwashi. Yana riƙe zafi, dalma tana bin haɗin da gudu. Ruwan da suke shafawa kafin liki yana da ci, in ba ka wanke aikin da ruwa da sabulu nan take ba, kafin sati tsatsa ta fito.

Fenti ban dogara da fim ba, domin kowane kwafi da nasa launin, na kaset daban, na waya daban. Shuɗin da ake shafa wa injinan a yanzu na kai wa masu haɗa fentin mota suka haɗa mini. Da ya bushe sai abin ya fito fes yana ƙyalli, yaran unguwa suna ta yabo, ni kuwa abin wasan yara nake gani. Injin da ke cin kwal ba ya zama haka ko na yini ɗaya. Na daka gawayi ya yi laushi, na riƙa shafawa da busasshen burushi daga bututun hayaƙi zuwa baya, yadda iska za ta kwantar da shi, saman tanki da rufin rumfa suka yi duhu. Na ja siririn farin layi na toka daga bakin tanki zuwa ƙasa inda ruwa ke zuba ya bushe, na ɗiga baƙin mai a gaɓoɓin hannaye. Akwatin kwal na cika shi da gutsattsarin gawayi da farin gam. Uwargida ta leƙo ta ce na ɓata wata guda ina gyara abu na ɓata shi a dare ɗaya.

Duk da haka akwai abin da ya rage, sai da na koma kan bidiyon na gane shi. Injin Darjilin ba ya tafiya ba mutane a jikinsa. Bayan direba da mai zuba kwal, akwai mai zama a saman akwatin yana farfasa kwal, sannan mutum biyu a goshin injin, ɗaya dama ɗaya hagu, suna barbaɗa yashi a kan dogo da hannu don kada ƙafa ta zame a hawa. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce nasu akwatin yashi gare su da bututu, direba ya ja mariƙi kawai yashi ya zuba gaban ƙafa. Na yi mutanen da waya na lulluɓe da fila ta masu gyaran jikin mota, na sassaƙa, na naɗa musu ƙyalle a wuya saboda sanyin dutse. Ba su yi kyau sosai ba, fuskokinsu babu hanci, amma ranar da na zaunar da biyun nan a goshi ne wani abokina da bai san abin da nake yi ba ya shigo ya tsaya ya fara rera waƙar fim ɗin.

Dogo da langa-langa na yi shi, irin wadda ake ɗaure dila da ita, a tsaye a kan gefenta. Na karɓo ragowar katako wurin kafinta na yayyanka, na yi wa kowanne tsaga biyu da zarto ta cikin wani ma'auni da na ƙera don tazarar ta zauna 32, na cusa langa-langar a ciki. A kwana na ƙara milimita ɗaya. Layin gaske yana da kwanar da ba ta kai mita 20 ba daga tsakiyarta, saboda haka da'irar mita ɗaya daga tsakiya a tsakar gidanmu ba ta saɓa wa gaskiya ba, kuma gajeriyar tazarar ƙafafun tana shanye ta ba gardama. Da na ɗaga gefe ɗaya da bulo na rataya masa taragu biyu na gwaji, sai ƙafafun suka riƙa juyawa a wuri ɗaya. Nauyi ne babu. Na cusa dalmar da masu daidaita taya suke cirewa a cikin tanki da tsakanin firam, daidai saman ƙafafun, ya kama ya hau. Baba ya so ya gwada yashin gaske, na roƙe shi ya bari saboda giya. Da damina kuma sai an riƙa goge langa-langar da sanfefa.

Hayaƙi guntun turaren tsinke ne a cikin gwangwanin tumatirin, da faranti tsakaninsa da batir, da ɗan fankan laftof yana hura shi sama. A ido siriri ne, yana tashi da sauri ya watse, nan take ka san abin ƙarami ne. Masu yin fim da ƙananan abubuwa sun daɗe da sanin maganin wannan. Ana ɗauka da sauri a nuna a hankali, kuma ninkin da ake bi shi ne lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka awonka. Nawa 19 ne, lambar ta ɗan haura huɗu. Wayata tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa ta nuna 30, ninki huɗu ke nan, ya yi kusa. Sai dai in za a rage gudu sau huɗu, dole jirgin ya yi gudu sau huɗu lokacin ɗauka, kusan santimita 90 a daƙiƙa, ni kuwa na riga na ɗaure shi da giya, iyakarsa kamar 40. A bidiyon sai ya fito yana tafiyar da ba ta wuce kilomita 7 a awa ba in da na gaske ne. Na kwantar da wayar a ƙasa, idonta santimita 9 sama da dogo, daidai idon mutumin da ke tsaye a gefen hanya, na ɗauka da sassafe rana tana bayan hayaƙin. Ya fito da nauyi, hayaƙin yana murɗawa a hankali, hannaye suna ja da ƙyar kamar yana tsakiyar hawa da cikakken kaya. Na bar giyar yadda take.

Yanzu Baba ya tasa ni gaba sai na yi nasu, injinan nan masu sunayen koguna da suka fara zuwa daga Vulcan Foundry ta Ingila a 1948. Na ce masa ba a fim na gan su ba, ya ce shi da idonsa ya gan su, wanne ya fi? In zan yi shi a awon 19 sai na shimfiɗa sabon dogo mai milimita 56, in kuwa zan bar shi a kan wannan na 32 sai awon ya koma kashi ɗaya cikin 33. Ko ta wace hanya ƙafafu takwas ne masu ja, duk a fili, duk masu sifok, ban da biyu a gaba da biyu a baya. Na kai wa mutumina na Panteka hoton. Ya ƙirga ƙafafun da yatsa, ya miƙo mini takardar ya ce, "Malam, ka dawo bayan salla, kuma ka zo da kuɗi."